Ɗalibin da Ke Koyon Ƙera Mutum-mutumi a Jami'a: Mene Ne Hukuncinsa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Duk lokacin da jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbi, akwai tambayar da ke yawan zuwa mini, daga ɗalibai da kuma iyaye. Yaro ya samu injiniyancin mekatironiks ko na ƙere-ƙeren masana'antu, an ce mutum-mutumi za a koya masa ƙerawa, shin wannan bai shiga haramcin yin gumaka ba? Wasu iyayen har sukan ce ko dai ya sauya fanni ko ya zauna a gida. Tsoron Allah ne ya haifi tambayar, don haka ta cancanci a amsa ta da ilimi.

Ruɗanin daga suna ya fara. A Hausa, mutum-mutumi shi ne abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, shi ne kuma gunkin da ake girkewa a shataletale. Da wannan na'ura ta zo, sai muka ara mata sunan. Alhali kalmar robot daga harshen mutanen Cek ta fito, kuma asalinta aikin dole take nufi. Malamai sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. To mu san shi tukuna.

Na farko da aka sa aiki a masana'anta sunansa Unimate, a wata masana'antar kamfanin motoci na General Motors a Amurka, a shekarar 1961. Hannu ne na ƙarfe guda ɗaya, ba kai, ba fuska, ba ƙafa. Aikinsa ɗauko ƙarfe mai zafi daga inda aka zuba shi, aikin da ke da haɗari ga leburori. Har gobe galibin waɗanda ke masana'antu haka suke: hannun da ke walda, wanda ke fentin mota, wanda ke jera kwalaye. Abin da yaronka zai shafe shekara 5 yana koyo a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna shi ne lissafi, da kanikanci, da lantarki, da rubuta wa kwamfuta umarni. Zai koyi yadda na'ura ke auna zafi ko nauyi ko tazara, ta kai wa kwamfuta labari, kwamfuta ta umarci inji ya juya daidai gwargwado. Sannan ya je masana'anta ya yi watanni yana koyon aiki da hannunsa.

Yanzu mu zo fiƙihu. Hadisan da suka yi narkon azaba ga masu yin surori ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim, ba mai wasa da su. Amma wace sura? Malamanmu na Malikiyya sun ce wadda ta haramta ita ce surar abu mai rai, mutum ko dabba, mai cikakkun gaɓoɓi, kuma mai jiki da inuwa. Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, da wani mai sana'ar zane ya zo masa, bai ce ya jefar da sana'arsa ba, ya nuna masa ya koma yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. To hannun ƙarfe mai walda surar wa ya kwaikwaya? Hukuncinsa hukuncin keken ɗinki da injin niƙa ne.

Inda ake taka-tsantsan shi ne wanda ake yi wa cikakkiyar surar ɗan Adam, da fuska da idanu da fata. Shawarata ga ɗalibi Musulmi, ya nisanci wannan. Idan aiki ya buƙaci na'ura mai ƙafafu ko hannaye, ya bar ta ba fuska, aikinta ba zai ragu da komai ba. Kuma kada ya taɓa bari zuciyarsa ta raya masa cewa halitta yake yi. Ƙarfen na Allah ne, ƙwaƙwalwar da ta tsara shi ma ta Allah ce.

Ni a fahimtata maganar ta wuce halacci, ta kai ga farillar da idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya sanya likitanci da lissafi da sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, irin su noma da saƙa, a cikin wannan babi. Ibn Taimiyya ma ya tafi a kan haka a littafinsa na Hisba. A yau da me ake saƙa? Da me ake haɗa magani? Da injin da kwamfuta ke sarrafawa.

Duba Alƙur'ani. Akwai sura sukutum mai sunan ƙarfe, Suratul Hadid, kuma a aya ta 25 Allah Ya ambaci Littafi da ma'auni da ƙarfe a jere. A Suratu Saba'i Ya ba da labarin yadda Ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, Ya umarce shi ya ƙera sulke kuma ya daidaita awon zobbansa. Malaman tafsiri sun yi bayani cewa kada ƙusar ta yi siriri ta riƙa lilo a cikin zobe, kada kuma ta yi kauri ta fasa shi. Subhanallah! Tambayi duk injiniyan masana'anta, zai gaya maka muhimmancin wannan awon a karatunsu. Wannan Annabi, da mulkinsa da komai, daga aikin hannunsa yake ci, kamar yadda ya zo a Bukhari.

Magabatanmu ma ba su ƙyamaci fannin ba. Al-Jazari, wanda ya yi aiki a Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa a 1206, ya bayyana na'urori 50, har da agogon ruwa, da injinan ɗaga ruwa, da na'urar zuba ruwan wanke hannu. Wasu ya yi musu surar mutane da dabbobi, wannan ba hujja ba ce gare mu, fasahar muke ɗauka.

Mu kuma ina muke? Je ka Kakuri a Kaduna ka ga masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje sun zama kufai. Fatarmu ta Kano a fitar da ita waje, a dawo mana da takalmi mu saya da tsada. Tumatirin Kadawa ya ruɓe a kwando lokacin kaka, mu kuma muna sayen na gwangwani. Ga masu basira a Panteka suna ƙera abin mamaki da guduma da injin walda, abin da ya rage musu shi ne wanda ya san lissafin abin. Idan muka hana 'ya'yanmu wannan ilimi da sunan addini, wa muke jira ya zo ya yi mana?

Kai ɗalibi, ga nasihata. Gyara niyya, ka riƙe cewa wani nauyi ne na al'umma ka ɗauka. Kada aikin ɗakin gwaji ya cinye maka Azahar da La'asar. Kada ka sayi aikin kammala karatu a kasuwa ka ce kai ka yi, domin injiniyan da ya fita da takardar ƙarya, wata rana injinsa zai cire wa wani hannu, kuma za a tambaye shi. Ka nemi ilimin tsarki da sallah da halal da haram, wannan farilla ce a kanka kai kaɗai, digiri ba ya ɗauke ta. In Allah Ya ba ka masana'anta, ka tuna da leburan da injin zai karɓe wa aiki, ka koya masa sarrafa shi kafin ka yi tunanin sallamarsa.

Ku kuma iyaye, ku sa musu albarka, maza da mata, ku bar su su je.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya tsare musu imaninsu, Ya fitar da mu daga ƙasƙancin dogaro da wasu. Wallahu a'alam.