Izinin Uba A Kan Zuciyar Ɗansa: Mallaka Ce Ko Amana?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, likitoci sun ƙiyasta cewa cikin kowane jariri 100 da ake haifa, kusan ɗaya yakan zo da naƙasa a zuciyarsa, watau ko rami a bangon da ya raba ɗakunanta, ko ƙunci a wata hanyar jini. Daga cikin alamunsa kuwa akwai: jariri ya gaji yana tsakiyar shan nono, ya yi ta gumi da haki, leɓensa da harshensa su yi duhu, ga shi ba ya girma kamar tsaransa. Magidanci daga Boɗinga ko Shagari, idan ƙaramin asibiti ya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka ɗauki hoton zuciyar yaron, to, daga ranar nan zai fara sa hannu a takardu. Wata rana kuma ana iya ce masa akwai wani magani ko wata dabarar fiɗa da ake kan bincikenta, ko ya yarda a sa ɗansa a ciki? To, wane iko Shari'a ta ba shi a nan?

Da farko, neman magani ba ya karo da tawakkali. Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, wasu sun san shi, wasu ba su sani ba. Ke nan akwai maganin da yake nan amma ba a kai ga saninsa ba, kuma hanyar kaiwa gare shi ita ce bincike. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga lokacin da Shehu yake Sifawa, ya wallafa littafin Masalihul Insan, ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a cikinsa. Tun kafin wannan, Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke fita daga ɓangaren dama na zuciya ya bi ta huhu kafin ya komo hagu. Saboda haka wanda ya ce binciken zuciya baƙon abu ne ga Musulmi, bai san tarihinsa ba.

Amma fa ilimin gyaran zuciyar yara da tsada aka saye shi. A 1944, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, likita Alfred Blalock da likita Helen Taussig suka fara yi wa wata jaririya aikin buɗe wa jini sabuwar hanya zuwa huhu, bayan mataimakinsu Vivien Thomas ya daɗe yana gwada aikin a kan karnuka. A 1954 kuma, a Jami'ar Minnesota, likita Walton Lillehei ya riƙa haɗa jijiyoyin yaro da na babban mutum, galibi uba ko uwa, domin zuciyar babban da huhunsa su ɗauke wa yaron aiki yayin da ake ɗinke ramin. Yaro na farko ya rasu bayan kwana 11. Cikin mutum 45 da aka yi wa haka, 28 ne suka bar asibiti da rai. A Nijeriya kuwa, sai a 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko, a Inugu. Duk yaron da ya warke a yau, yana cin amfanin kasadar da waɗancan iyaye suka yarda da ita.

Ita kasadar nan tana da wata fuska, wadda mutanen Arewa ba su manta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, da yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta kashe su. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗi dai an biya, amma yardar jama'a da ta zube ba ta kwasu da sauƙi ba.

Me ya raba waɗannan labarai biyu, alhali a kowannensu yara sun rasu? Ba sakamako ne abin dubawa ba, domin rai da ajali na Allah ne. Abin dubawa shi ne yadda aka nemi izini, da kuma wanda aka yi aikin domin amfaninsa. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa duk abin da waliyyi zai zartar a kan wanda ke ƙarƙashinsa, ɗaure yake da maslahar shi wannan ɗin. Idan Shari'a ta hana waliyyi taɓa dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau, yaya kuma jikin yaro da ransa? Ɗa amana ne a hannun uba, ba kadara ba. Wannan ne ya sa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta tsananta. Ta ce bincike yana buƙatar yardar baligi mai hankali, ba tilas, ba kwaɗaitar da matalauci da kuɗi, kuma ta hana a yi shi a kan wanda bai mallaki hankalinsa ba ko da waliyyinsa ya yarda.

Wani zai ce, in haka ne, ashe an rufe ƙofar gano maganin cutar da tun daga haihuwa take kama mutum? Amsa ita ce, lalle ne a bambance abu biyu. Akwai yaron da ake so a gwada abu a jikinsa domin wasu su amfana, shi kuwa ba ya samun kome sai haɗari. Wannan uba ba shi da ikon bayar da shi, domin ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba. Akwai kuma yaron da cuta ta riga ta kama hanyar halaka shi, sanannen magani bai isa ba, masana kuma suna da rinjayen zaton sabuwar hanya za ta amfane shi. Wannan ya shiga babin neman magani, inda ake ɗaukar ƙaramar cuta domin tunkuɗe babba.

Saboda haka wajibi ne uba ya yi tambaya kafin ya dangwala yatsa. Shin wannan sanannen magani ne ko gwaji? Mene ne haɗarinsa? In ya ƙi, za a ci gaba da duba yaron? Kwamitin ɗa'a na asibitin ya amince? Ka'idar binciken lafiya ta Nijeriya ta 2007 ta tanadi a yi wa mutum bayanin da zai fahimta, kuma yana da damar janyewa. Ya kuma shawarci uwar yaron, wadda ita ke kwana a kansa. Likita shi ma ya sani, sa hannun wanda aka yi wa bayani da Turancin da ba ya ji ba izini ba ne, kuma yardar wanda talauci ya toshe wa kowace hanya tana buƙatar ƙarin taka-tsantsan. Hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi aikin likita ba da sani ba, balle wanda ya sani ya ɓoye.

Uban da ya ƙi magani mai amfani saboda jita-jita ya tauye amana, wanda ya miƙa ɗansa ido rufe shi ma ya tauye ta. Wanda kuwa ya bincika, ya yi shawara da istihara, sa'an nan ya zaɓa domin yaron, to, ya sauke nauyi, kuma ko ajali ya zo ba shi da zargi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba iyaye haƙuri da basira. Allah Shi ne Mafi sani.