Ƙasusuwan Zamanin Da da Littafin Farawa



Yaranmu na Gidan Katta da kewayen Illela suna dawowa daga makaranta da hotunan waɗansu manya-manyan dabbobi da ake kira dainaso, suna tambayar iyaye da katekis: idan Allah ya halicci duniya cikin kwana shida, a wace rana ya yi waɗannan, ina kuma suka tafi? Waɗansu iyaye sukan ce tatsuniyar Turawa ce. Waɗansu masu wa'azi kuwa suna koyar da cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba, dabbobin kuma sun zauna tare da Adamu har ruwan tsufana ya hallaka su. Ya wajaba mu san koyarwar Ikilisiya a kan wannan, gama amsar da muka ba yaro yau, da ita zai auna bangaskiyarsa in ya girma.

Da farko, ƙasusuwan nan a ƙasarmu suke. A shekarar 1930 masana suka bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka tono a lardin Sakkwato, a 1972 kuma masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Shi ba dainaso ba ne, amma a zamaninsu ya rayu. Mai karatu zai ce, ina teku a Goronyo? Akwai lokacin da teku ta rufe yankinmu, shaidarta kuwa tana cikin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, wanda yake ɗauke da ɓawon halittun ruwa.

In muka ƙetare iyaka ta Ƙonni muka nausa arewa zuwa jihar Agadas, a hamadar Gadufawa an tono dainaso na sosai. Ɗaya daga cikinsu, Nigersaurus, ya sami sunansa a 1999. Tsawonsa kimanin mita 9 ne, haƙoransa sun kai 500, tsiro yake ci. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irin ƙasusuwan nan da idonsa. Daga jerin shimfiɗun duwatsu, da yadda waɗansu sinadarai a cikinsu suke sauyawa bisa ƙayyadadden lokaci, masana sun gane cewa Nigersaurus ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, manyan dainaso kuma sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tun ba a halicci mutum ba.

Cikin waɗanda suka fara wannan bincike har da limamin Katolika, Fada Albert-Félix de Lapparent na Faransa. Tun daga 1946 yake ratsa Sahara yana tattara ƙasusuwa, har ƙasar Nijar, ya kuma wallafa sakamakon aikinsa a 1960. Aikin bai raba shi da bagade ba.

To, Littafin Farawa fa? Maganar Allah ce, gaskiya ce. Tana koya mana cewa Allah ɗaya ne ya yi kome, abin da ya yi duka yana da kyau, mutum kuma cikin kamanninsa aka yi shi. Amma ba a rubuta littafin domin ya zama jerin sunayen dabbobi ba. Babi na farko ko raƙumi da jaki bai ambata da suna ba. Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya lura cewa sai a rana ta huɗu aka yi rana da wata, saboda haka kwanakin nan ba lalle irin namu ba ne. Ya kuma yi gargaɗi cewa idan Kirista ya yi maganar jahilci a kan halitta yana jingina ta ga Littafi Mai Tsarki, masu ilimi za su raina Littafin, su ƙi sauraron sa ko a kan tashin matattu.

Paparoma Pius na 12 a 1950, da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a 1996, sun bayyana cewa bincike a kan yadda jikunan halittu suka sauya cikin dogon zamani bai saɓa wa bangaskiya ba, muddin mun riƙe cewa ran kowane mutum Allah ne da kansa yake halitta shi.

Saboda haka, iyaye da malamai, kada mu kare Allah da ƙarya, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka gaya masa ƙasusuwan ƙage ne, ran da ya gan su a Yamai ko a jami'a a Sakkwato, zai soma shakkar duk abin da muka koya masa, har da baftismarsa. Mu gaya masa gaskiya: Allah ne ya yi su, sun yi zamaninsu, sun shuɗe. In ya yi tambayar da ta fi ƙarfinmu, mu kai shi wurin Fada ko malaminsa, ba tare da tsawa ba.

Mu kanmu kuma mu koyi tawali'u. A Littafin Ayuba, babi na 38, Ubangiji ya tambayi bawansa inda yake sa'ad da aka kafa tushen duniya. Dabbobin nan sun yi fiye da shekara miliyan 150 a doron ƙasa, ba idon mutum da ya gan su, amma Mahaliccinsu yana ciyar da su. Wanda ya kula da su haka ba zai manta da mu ba, mu da ya fansa da jinin Ɗansa.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi tare da tsoronsa, ya kuma kiyaye gidajenmu cikin gaskiya. Amin.