Robar Da Muke Sake Cikawa: Tattali Ne Ko Cin Amana?

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da babu ɗakin da ba ya ciki, wato gwangwanin madara da robar ruwa ko ta lemo bayan an shanye abin da ke cikinsu.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya na je suna a Jama'a, can ƙasar Gwarzo. Da aka gama cin abinci sai aka shigo da zoɓo a robobi ana rabawa. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta buɗe tata za ta ba ɗanta, sai ta tsaya tana shinshinawa, ta miƙo min ta ce, "Yaya, ji nan, ba warin fiya-fiya ba ne?" Na shinshina, wallahi shi ne. Aka kira wadda ta yi zoɓon, ashe makwabciyarsu ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, kuma da wannan sana'a take riƙe da su. Ta zo jikinta yana rawa tana cewa, "Hajiya, wallahi sau biyu na wanke su. A wajen yara 'yan jari-bola nake saya, in na ce sabuwar roba zan saya babu abin da zai rage min."

Nan ɗaki ya rabu biyu. Wasu suka ce abin da ta yi haramun ne, ta kusa kashe ɗan mutane. Wasu suka ce a ji tausayinta, mai marayu ce, kuma wace ce a cikinmu ba ta sake zuba abu a tsohuwar roba? Na dawo gida ina ta juya maganar, domin kowane ɓangare da gaskiyarsa.

Da farko dai 'yar uwa, kada ki ɗauka zan ce a daina amfani da tsohon mazubi. Tattali gadonmu ne. Iyayenmu ba sa jefar da ƙwaryar da ta tsage, mai gyartai suke kira ya ɗinke ta. Da madarar gwangwani ta shigo ƙasar nan (Peak ta fara shigowa Nijeriya a 1954), ba a daɗe ba mata suka samar wa gwangwanin aiki. Da shi aka yi fitilar aci-balbal, da shi yara suke asusu, a cikinsa ake dafa alala, kuma shi ne ma'aunin mai ƙaramin ƙarfi da ba ta iya sayen kwano. Roba ma haka. A ciki muke ajiye manja da man gyaɗa, yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa. Matan manoma a Getso, Lakwaya, Garo da Durun sun san cewa in aka busar da irin wake sosai aka cika roba fal aka ɗaure murfi, ƙwari ba sa rayuwa a ciki, saboda iska ba ta shiga. In kika yanke roba biyu kin sami wurin renon zogale, in kuma kika huda murfin da allura kika kife ta a gindin shuka, za ta riƙa ɗiga ruwa a hankali.

Har ila yau, farar roba mai tsafta tana iya gyara ruwan sha. In ruwan ba mai gurɓi ba ne, a cika robar da ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana mai ƙarfi awa 6, ko kwana 2 in akwai hadari, hasken rana yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar gudawa. A ƙauyen Yelwa na jihar Kaduna kuwa, a 2011 aka gina gida da dubban robobi da aka ɗura wa yashi aka jera kamar bulo. Duk wannan abin yabo ne, kuma ya dace da addininmu, domin Alƙur'ani ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i da Suratul A'araf. Matar da ke wurgi da abin da zai yi amfani don kada a ce ta gaza, ita ma akwai gyara a lamarinta.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce mazubi yana da tarihi, kuma mai saye ba ta san tarihin ba, ke kika sani. Da kin cika roba kin miƙa wa wani, tamkar kin ce masa ne, "Na san inda wannan ta fito, sha babu komai." Ya yarda da ke ne ba tare da ya gani ba, kuma wannan shi ne ake kira amana. A ganina amanar nan kashi uku ce.

Ta farko ita ce abin da ya taɓa zama a cikin mazubin. Mu a Islamiyya mun karanta a Ishmawi da Risala cewa ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙamshi. Wannan hukuncin tsarki ne, na alwala da wanka. Amma abu yana iya zama mai tsarki a fiƙihu kuma ya kashe mutum, domin ƙwayar cuta ba ta da launi, guba ma ba kullum take wari ba. A ƙasarmu ta noma, da damina ta faɗi za ki ga robobin maganin ciyawa da na feshin wake ko'ina a bakin gona, masu kauri da murfi mai kyau, har ran mutum ya biya. Jikin roba yana tsotse irin wannan magani, wanki ba ya fitar da shi duka. Shi ya sa ƙa'idar masana aikin gona ita ce a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan a cikin injin feshi, sannan a huda ta don kada kowa ya sake zuba abu a ciki. Haka robar da aka tsinto a kwata ko a bolar asibiti, ba ki san bakin da ya sha ba, ba ki san me aka tara a ciki ba. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. A watan Maris na wannan shekarar ne kuma ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitocin Kano bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan-tsami, har gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 10. Wancan ba laifin roba ba ne, amma ya nuna mana cewa abin sha na ɗan kuɗi kaɗan yana iya ɗaukar rai, alhali wadda ta dama ba ta nufi kowa da sharri ba.

Amana ta biyu ita ce awo. Gwangwanin madara ya zama mudu a hannunmu, da shi muke auna sukari, shinkafa, gyaɗa da garin kwaki a cikin gida. Ke ma kin san dabarar da ake yi. Wata takan doki gindin gwangwanin ya shige ciki, wata tana da guda biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, tunda ba duk gwangwanayen madara ne girmansu ɗaya ba. Mai man gyaɗa takan zaɓi robar da ta lotse, a ido cike take amma da saura. Sai a ce ai ɗan kaɗan ne. To a kan wannan ɗan kaɗan ɗin ne aka saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, kuma tauye mudu yana cikin laifukan da suka halaka mutanen Annabi Shu'aibu (AS). Abin takaicin ma shi ne, mai awo da gwangwani ita ce wadda ta fi kowa rashi, yarinya ce aka aiko da kuɗin da ba su kai na kwano ba. In kika rage mata loma biyu, daga bakin ƙannenta kika cire.

Amana ta uku ita ce shaidar da ke jikin mazubin. Roba tana magana ko da ke ba ki yi ba. Takardar da ke jikinta da siffarta suna gaya wa mutum abin da ke ciki. Wanda ya ɗura ruwan rijiya a robar kamfani ya liƙe murfi ya sayar a tasha, ya yi ƙarya ko bai buɗe baki ba. Mun san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan ɓoye aibin, ya kuma barrantar da mai algus daga al'ummarsa. A cikin gida ma wannan magana tana nan. Yaro ɗan shekara biyu bai san karatu ba, robar lemo kawai ya sani. In kika zuba kalanzir ko fetur ko fiya-fiya a cikinta kika ajiye a ƙasan gado, ke kika gaya masa abin sha ne. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa a kan yaran da ake kawowa sun sha kalanzir ta wannan hanya. In Allah ya ƙaddara hakan ta faru, kada a sa yaron amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin kalanzir ɗin yana iya faɗawa huhu. A garzaya asibiti da shi tare da robar.

Yanzu mu koma kan mai zoɓon nan. Shin talauci uzuri ne? Ni dai ina ganin yana rage zargi, amma ba ya mayar da cutarwa halal. Yaron da zai sha shi ma ɗan wata ne, wataƙila wadda ta fi ta rashi. Sannan ribar da aka gina a kan haɗarin ran wani ba ta ɗorewa, ranar da abu ya faru jari da mutunci duk tare suke tafiya. Sai dai kuma ban yarda mu ɗora mata laifin ita kaɗai mu kaɗe zane ba. Mu da muke shan ruwan roba a walima da taron biki mu watsar a tsakar gida, a share a kai bola, mu ne muka sa mai tsafta ta koma mai datti kafin ta isa hannunta. Da mun tara su da murafensu tun suna da tsafta mun aika mata, da ba ta je wajen 'yan jari-bola ba. Wannan sadaka ce da ba ta cin ko sisi. Me zai hana kowane reshen ƙungiyarmu, daga Gwarzo har Kabo, ya ajiye buhu ɗaya a wurin ta'alim don wannan, a riƙa raba wa zawarawa da masu marayu da ke sana'ar zoɓo da kunun aya?

Ita kuma mai sana'a, ga abin da ya rage nata. Ta san inda kowace roba ta fito. Ta wanke ciki da murfi da sabulu da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, domin irin wannan roba tana motsewa da zafi, don haka ma kada ta ɗura kunu yana tururi. Ta kife su su bushe. Wadda ta dushe, ko ta karce, ko take wani wari, ta haƙura da ita. Gwangwanin da ya yi tsatsa ya bar madafi ya koma wajen shuka ko ajiyar ƙusa. Abin da ya ƙare aikinsa kuma a sayar wa 'yan gwangwan, kada a jibge a bayan ɗaki ruwa ya taru sauro ya hayayyafa, kada kuma a hura wuta da shi, hayaƙin roba yana cutar da ƙirji.

A ƙarshe 'yar uwa, ga ma'auni mai sauƙi da ba ya buƙatar tambayar malam. Kafin ki cika roba ko ki ɗauki gwangwanin awo, ki tambayi kanki: in ɗana ne zai sha, zan ba shi a wannan? In ni ce mai saye, zan yarda a auna min da wannan? In amsar ita ce eh, ki yi bisimilla ki ci gaba, tattalinki ibada ne. In kuwa zuciyarki ta yi ɗar, ki huda ta ki ajiye gefe, Allah zai musanya miki da mafi alheri.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.