Sunan da aka raɗa wa mutuwa

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wata kalma ta Japananci da ta tsaya mini a rai: gyokusai. Ma'anarta lu'ulu'un da ya farfashe. Tushenta tsohuwar magana ce ta Sin mai fifita lu'ulu'u fasasshe bisa tubali lafiyayye. A watan Mayu na 1943, sojojin Japan sama da dubu biyu suka ƙare a tsibirin Attu wajen yaƙi da Amurka. Waɗanda aka kama da rai ba su kai talatin ba. Hukumar soja ba ta ce an hallaka su ba, sai ta ce lu'ulu'u ne ya fashe. Da suka janye daga Gwadalkanal kuwa, a farkon shekarar, sai aka kira gudun "sauya fuskar tafiya".

Tambayata ita ce: in yaƙi ya riga ya ɓaci, ran soja nashi ne ko na mai ba shi oda?

A watan Janairu na 1941, Tojo Hideki, ministan soja a lokacin, ya fitar da ƙa'idar fagen fama da ke hana soja rayuwa cikin kunyar zama fursuna. Kada wani ya ce abin a jininsu yake. A yaƙin duniya na farko, Jamusawan da Japan ta tsare a sansanin Bando sun samu kulawa, har kiɗa suke yi. Wato cikin shekaru ashirin da ƴan kai aka gina wanga tunani, a makaranta da bariki da jarida. Kuma wanda aka koya wa cewa fursuna ba shi da mutunci, ba zai ga mutuncin fursunan da ya faɗo hannunshi ba. Abin da ya faru a Batan a 1942 da kan layin dogon Bama ya isa shaida. A Saifan, cikin Yulin 1944, har mata da yara suka riƙa faɗawa teku daga kan dutse don gudun kamu.

Na san abin da wasunku za su ce: to, mu ma ba mukan ce da kunya gara mutuwa ba? Gaskiya ne, kuma ban raina wanda ya tsaya ya mutu don jama'arshi su samu hanyar tsira ba. Amma mutuwar da ba ta ceci kowa ba, in ban da fuskar manya da ke zaune a Tokiyo, wa ta amfana? Mun dai san ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ran 15 ga Agusta 1945, sarki Hirohito ya yi magana a rediyo, ƙasar ta ajiye makami, amma ko sau ɗaya bai furta kalmar miƙa wuya ba. Ashe ana iya yin abin a rayu, in an samo mashi suna mai laushi. Manya sun samo wa kansu, ba su samo wa na Attu ba. Onoda Hiro ya zauna cikin dajin Lubang na Filifin har 1974, yana yaƙin da ya ƙare tun shekara ashirin da tara, sai da tsohon kwamandanshi ya zo da kanshi ya sallame shi.

Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ba zan yi wa waɗannan samari hukunci ba. Da yawansu sa'anninmu ne. Abin da na ɗauka dai shi ne, duk ranar da aka miƙo mani kyakkyawan suna na mutuwa, zan tambaya wa ya raɗa shi, kuma shi ina zai kwana a daren da za a kai ni.