Tsakanin Riƙon Asiri Da Ranar Wanka: Amanar Maras Lafiya A Hannun Likita

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato akwai maganar da adana ta shi ne mutunci. Su ne kuma suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsakanin waɗannan karin magana biyu likita yake tsaye kullum.

Bari mu ƙaddara wani saurayi ya je Asibitin Gundumar Maitama a Abuja, gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ga shi an sa ranar aurensa. Ya roƙi likita da ya rufa masa asiri. Washegari sai ga mahaifin yarinyar, wanda ya biya kuɗin gwajin, yana neman sakamako. Me ya kamaci likita?

A al'adarmu ciwon mutum ɗaya na dangi ne, su ke jinya, su ke biyan magani. Amma biyan kuɗi ba ya sayen asiri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin maras lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko idan yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Hikimar a fili take: in mutane suka san likita na da sakin baki, za su ƙaurace wa gwaji, cuta ta yaɗu a ɓoye.

Sai dai amana tana da iyaka. A watan Yulin 2014, Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer daga asibiti a Legas, aka sanar da hukuma cewa ana zargin Ebola ce. Ta rasa ranta, amma ta kare rayuka masu yawa. Wa zai ce ta ci amana?

To, a ganina, mahaifin yarinya ba shi da hakkin karɓar sakamako, amma yarinyar tana da hakkin sanin abin da za ta shiga. Aikin likita shi ne ya zaunar da saurayin, ya fahimtar da shi cewa mai shan magani kan ƙa'ida har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa, sannan ya ƙarfafa shi ya faɗa mata da bakinsa. In ya ƙi, likita ya gargaɗe shi cewa ba zai zama abokin yaudara ba. Wannan damuwar ce ta sa Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024.

Asiri dai ajiya ce, mai ita ke da ikonta. Amma ajiyar da za ta halaka wanda bai ji ba bai gani ba, riƙon ta ya tashi daga amana.