Ɗokin da Ya Huce Tun Kaya Suna Hanya

Akwai wata tambaya da ba a cika kawo ta gaban dattawan Ekklesiya ba, domin ana ganinta ƙarama, amma tana cin zuciyar mutane da yawa a ɓoye. Idan mutum ya yi marmarin abu, ya yi addu'a dominsa, ya tara kuɗinsa da gumi, sa'an nan abin ya yi jinkiri har zuciyarsa ta yi sanyi, ranar da ya iso kuwa bai ji wani daɗi ba, ko ya yi laifi? Rashin godiya ne ga Allah da mutane, ko kuwa halin ɗan adam ne kurum?

Abin da ya ta da wannan magana shi ne labarin wata ƙaramar Ekklesiya a cikin duwatsun ƙasar Kauru, inda wutar lantarki ba ta kai ba. Ba zan faɗi sunanta ba. A kakar 2022, bayan baikon godiya, dattawa suka yarda da roƙon mawaƙa cewa a sayi kibod, watau fiyanon nan na zamani mara nauyi, mai aiki da batir, wanda yaro ɗaya yana iya rataya shi ya hau dutse da shi zuwa wa'azi a ƙauyen gaba. Magidanta suka ba da masara, aka kai kasuwar Saminaka aka sayar. Zumuntar Mata suka fasa adashinsu. Matasa suka yi ƙwadago a gonakin mutane har Asabar huɗu. Aka aika kuɗin wurin wani ɗan garin da ke aiki a Legas domin ya saya a kasuwar Alaba, shi kuwa ya aiko da hoton kayan ta waya, ya ce kafin Kirsimati yana hannunsu. Hoton nan ya bi hannu hannu har tsofaffin da ba su gani sosai suka karɓa suka duba. Wani saurayi a cikin mawaƙan ya zana haƙoran kibod a bayan kwali, fari da baƙi, yana koyon aza yatsu a kai kowane dare.

Kirsimati ta zo ta wuce. Aka ce irin wanda suke so ya ƙare, ana jiran jirgin ruwa. A farkon 2023 aka shiga wahalar nan ta ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin Naira, aka ce sai Ista. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala da take wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Kayan da ake shigo da su daga waje suka bi ta, kuɗin masarar nan ya kasa rabin farashi. Aka sake tara wani. Sa'ad da kibod ɗin ya iso a tsakiyar daminar 2024, a bayan babur, naɗe cikin leda, ranar Talata ce, kowa yana gona. Ran Lahadi fasto ya yi addu'ar keɓewa, jama'a suka yi tafi irin na ladabi. Saurayin nan mai kwali ya riga ya tafi karatu Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan. Shugaban mawaƙan ya ce da ya buɗe akwatin ya ga abin da ya yi kusan shekara biyu yana mafarkinsa, zuciyarsa ta yi shiru kamar an miƙa masa fartanya, kunya ta kama shi a gaban Allah.

Kada mai karatu na birni ya yi dariyar mutanen da suka sa ransu haka a kan kayan kiɗa. Kibod ba ƙaramin abu ba ne ga Ekklesiyar ƙauye. Ba shi da tsirkiya, ba shi da fata, lantarki ne ke ƙera sautin a cikinsa, saboda haka akwati ɗaya yana fitar da muryar fiyano, da sarewa, da ƙaho, da ganga, yana kuma riƙe kiɗa da kansa yayinda mai bugawa ke bin waƙa. Tun da kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fitar da DX7 a 1983 irin wannan sauti ya cika faya-fayen duniya, ƙananan da Yamaha da Casio suka riƙa yi masu araha kuwa su ne suka shigo mana. A ƙarshen shekarun 1990 da su aka riƙa kiɗan waƙoƙin fina-finan Hausa a Kano, da su kuma mawaƙan bishara na Jos da Kaduna suka cika kaset. Yaron da ya je taron gunduma ya ji mawaƙan gari suna rera waƙa da kibod, yakan koma gida yana jin gangar Ekklesiyarsu ta tsufa. Ko yana da gaskiya, ko ba shi da ita, wannan magana ce ta wata rana.

Ciwon jiran ma ba namu ne kaɗai ba. A Stockholm ta ƙasar Suwidin akwai wani kamfani, Teenage Engineering, mai ƙera ƙananan na'urorin kiɗa. Ya nuna wa duniya OP-1 a wani baje koli a Frankfurt ta Jamus a 2009, amma ba a fara sayar da shi ba sai 2011. Ya nuna ƙanensa, OP-Z, wanda bai fi abin canza tashar talabijin girma sosai ba, a Amurka a farkon 2016, bai shiga kasuwa ba sai ƙarshen 2018. Masu jiran waɗannan kaya suna da wuta dare da rana, kuɗinsu kuma bai narke a hannunsu ba kamar namu, duk da haka wanda ya jira shekara uku ba zai karɓi kayan da zuciyar da ya fara kallonsu ba. Ashe talauci ba shi ne tushen abin ba, yana cikin yadda aka yi zuciyar mutum.

Ɗoki yana cin abincinsa daga tunani. Mai jira ya riga ya ji kibod ɗin nan sau ɗari a cikin kansa: ya ji shi ran Kirsimati, ya ji shi a bikin auren 'yarsa, ya ga fuskokin baƙi daga ƙauyen gaba sa'ad da za a kunna shi. Kowane tunani irin wannan yana gutsurar daɗin da ke zuwa. Iyayenmu mata sun san haka, gama wadda ta wuni a bakin murhu ƙamshin miya yakan ƙosar da ita tun ba a kwashe tuwo ba. Idan jira ya yi kwana bakwai, akwai saura da yawa. Idan ya yi wata ashirin, an cinye.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi wannan zafi. Manomin da ya yi shuka da ruwan fari, rana ta ƙone irin, ya sake, ta sake ƙonewa, in hadari ya haɗu karo na uku ba ya gudu ya ɗauko sungumi. Yakan tsaya ya tona ƙasa ya ga zurfin laima. Ba wanda zai ce ya daina son damina. Haka zuciya take yi wa kanta garkuwa: duk ranar da aka sa aka saɓa, tana janye kaɗan daga abin da ta shimfiɗa, domin faɗuwa ta gaba ta zo da sauƙi. Littafin Karin Magana ya san wannan ciwo, ya kuma ambace shi a sura 13, aya 12. Mai karatu ya buɗe ya duba, zai ga ba a tsauta wa mai ciwon ba.

Saboda haka amsata ga tambayar farko ita ce, a'a. Hucewar ɗoki ba zunubi ba ce, kuma ba da bugun zuciya ake auna godiya ba. Ana ganinta a yadda mutum ya riƙe kyautar, da yadda ya gaishe da waɗanda suka ba da masararsu.

Amma in na tsaya a nan ban faɗi gaskiya duka ba. Mu tuna da misalin 'yan mata goma da Yesu ya bayar a Matiyu sura 25. Ango ya yi jinkiri, gyangyaɗi ya kama su, suka yi barci, kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne dukansu goma ne suka yi barcin, masu hikima da marasa azanci. Ba a zargi kowa da barci ba. Ba a ce biyar ɗin kirki sun kwana a tsaye suna guɗa ba. Abin da ya raba su mai ne: waɗansu sun yi lissafi cewa dare yana iya yin tsawo, waɗansu sun shirya wa ango mai zuwa da wuri kaɗai. A Ekklesiyar nan ta Kauru, cikin watannin jira, koyon waƙa na ran Alhamis ya riƙa raguwa. Duk sabuwar waƙar da aka kawo sai a ce a bari kibod ya zo. Fatar babbar ganga ta yage, ba wanda ya nemi fatar akuya, gama me za a yi da ita nan da wata ɗaya? Matan da suka yi shekara talatin suna riƙe sujada da tulu da kuge suka fara jin ana kallonsu kamar masu riƙon ƙwarya. Mutum ɗaya tak ya koyi aza yatsu, ba a ce ya koya wa ƙannensa ba, da ya tafi makaranta ya tafi da abinsa. A nan hasarar take. Da an ce kowa ya yi tsalle ranar da babur ya tsaya, da ba abin da zai sāke, tun da babu mai bugawa, muryoyi kuma sun yi tsatsa.

Kada dai a ɗauka ina raina ɗoki. Ba domin hoton nan da ya bi hannu hannu ba, da ba a auna ko mudu ɗaya na masara ba. Ɗoki wutar kara ce, aikinta ta kama gungume, in ta kama ta mutu ba a yi asara ba. Samari uku ne suka sauka Legas a watan Disamba na 1893 da niyyar kawo bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Cikin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, nan cikin Jihar Kaduna ta yau, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Ba na tsammani abin da ya ji a ƙirjinsa sa'ad da labarin Patigi ya kai masa ya yi kama da abin da ya ji a bakin jirgi a 1893. Amma a tsakanin shekarun nan bai zauna yana kallon hanya ba: yana neman ma'aikata, yana tara gudummawa, yana rubuta wa Ekklesiyoyi. Abin da ya riƙe shi shi ne muke kira bege, wanda yana iya aiki da safe ko da zuciya ba ta rawa.

Saura magana a kan wanda ya yi alkawari, gama ba daidai ba ne a ɗora wa masu jira kaɗai. Ɗan garin nan na Legas bai ci kuɗin kowa ba, har ya cika daga aljihunsa a ƙarshe. Faɗuwar Naira kuma ba shi ya jawo ta ba. Amma ya sa rana a kan abin da ba ya hannunsa, kuma sa'ad da kuɗi suka kasa, kunya ta hana shi faɗa har wata da watanni, sai ya riƙa cewa mako mai zuwa. Kowane “mako mai zuwa” farin cikin mutane yake kashewa, wanda kuwa ba nasa ba ne. Da ya ce tun farko, kuɗinku ba su kai ba, ga farashin yau, ban san ranar ba, da sun yi baƙin ciki na kwana biyu, su gyara gangarsu, su ci gaba da waƙa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, nakan ƙara da cewa mai jira ne ke ɗaukar rabin nauyin. Kamfanin da ya nuna kaya shekaru kafin ya gama ƙera su yana samun riba, domin mai saye yakan riƙe kuɗinsa ya ƙi zuwa wurin wani. Mu ba mu da irin wannan hujja, duk da haka muna yi, domin tafin ranar sanarwa yana da daɗi.

Muna yi a cikin gidajenmu ma. Uba yakan ce wa ɗansa, in ka ci jarrabawa zan saya maka keke, alhali bai san inda kuɗin taki zai fito ba. Miji yakan ce wa matarsa keken ɗinki yana zuwa bayan kaka, kaka uku su wuce. Yaron da aka yi wa haka sau uku, in an kawo keken a shekara ta huɗu ya karɓa ba fara'a, sai a ce ba shi da tarbiyya, a manta wanda ya koya masa kada ya yi saurin murna. Yaro ɗan shekara takwas yana iya ɗaukar “ba ni da shi bana” fiye da yadda iyaye suke zato.

Kwamitocin da ke tara kuɗi a Ekklesiyoyinmu, na kibod ne, ko na janareta, ko na kwanon rufi, ya kamata su riƙa karanta wa jama'a kowane wata nawa aka tara, nawa ne farashi a kasuwa a makon nan, nawa ya rage. In kayan kiɗa ne, a aika yara biyu ko uku, mata da maza, su koya a Ekklesiyar da ke da shi tun ranar da aka auna masarar farko. Ranar isowa kuwa a bar ta a bakin ma'aji har sai direba ya buga waya ya ce ya wuce Saminaka.