Shin Ana Sayen Natsuwa da Kuɗi?

 Ya ku ƴan'uwa, ga wata tambaya da ta cancanci mai hankali ya tsaya a kanta: idan zuciya ta gaji da hayaniyar gari, ko dukiya tana iya sama mata natsuwa?

Abin da ya kawo tambayar shi ne wata sana'a da ta yaɗu a wannan zamani. A bakin Sahara, wajen Marzuga ta ƙasar Maroko, da Wadi Rum ta ƙasar Jodan, da dajin Masai Mara na Kenya, ana kafa tantuna na alfarma, a sa musu gado da katifa da darduma da wurin wanka da wutar lantarki, sa'an nan a ce wa masu hali su zo su ɗanɗana kaɗaici. Hajar da ake tallatawa ita ce shiru da kwanciyar rai, kuma mutane daga nesa suna biya da tsada.

Gani ya kori ji. A wata tafiya da na yi Maroko na kwana biyu ni kaɗai a irin wannan zango, gindin tuddan rairayin da ake kira Irgu Shabbi. Tantin ya yi kyau, abinci ya wadata, masu hidima ba su rage kome ba. Amma injin wuta bai daina ruri ba har tsakar dare, babura masu ƙafa huɗu suna ta yanka rairayi tun hantsi, makaɗa suna kiɗa domin baƙi, kowane baƙo kuma idonsa na kan wayarsa. Da aka ajiye mini akushi, babu wanda zan ce wa bisimilla. Na fito da darasi uku, ga su.

Na farko, wanda ya ɗauki gidansa duka ya kai daji, bai bar gida ba. Amfanin fita jeji shi ne mutum ya rabu da abin da ya saba na ɗan lokaci, ya ji sanyin dare a jikinsa, ya san darajar moɗa guda ta ruwa, ya ga ƙanƙantarsa a ƙarƙashin taurari. To idan an kawar masa da sanyi da ƙishirwa da duhu, me ya rage wanda jejin zai koya masa? Ku dubi Imamu Gazali. A shekara ta 1095 ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya rabar da mafi yawan dukiyarsa, ya tafi Dimashƙa da Baitul Muƙaddasi yana keɓe kansa. Ya nemi natsuwa ta hanyar rage kaya, mu kuwa muna nemanta ta hanyar ƙara su. Annabinmu ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗan guzuri yake ɗauka zuwa kogon Hira, in ya ƙare ya komo ga iyalinsa.

Na biyu, kaɗaici iri biyu ne. Akwai wanda mutum yake shiga da aiki a hannunsa, wato tunani da zikiri da yi wa kai hisabi, kamar mai i'itikafi a goman ƙarshe na azumi. Wannan yana da lokacin shiga da na fita, kuma mai shi yana komowa cikin mutane da alheri. Gazali kansa ya koma karantarwa a Naisabura a 1106, kuma a cikin Ihya'u Ulumiddini ya jera amfanin keɓewa, ya jera amfanin cuɗanya, ya auna su. Akwai kuma kaɗaicin da babu kome cikinsa sai gudun mutane, shi kuwa kewa yake haifarwa. Damuwar da ta kori mutum daga gari ba ta tsayawa a tasha, da shi take hawa mota.

Na uku, daɗin tafiya yana ga abokan tafiya. Kusa da wannan zango, a gefen garin Risani, akwai kufan Sijilmasa, inda Ibn Battuta ya bi ayari a 1352, ya yi kwana 25 kafin ya isa Tagaza mai gidajen gishiri, ya wuce ƙasar Mali, ya komo ta Takadda da ke cikin ƙasarmu ta yau a 1353. Bai ƙetare wannan hamada shi kaɗai ba, don babu mai ƙetare ta shi kaɗai. Haka ayarin gishiri da ke tashi daga Ayar ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma: madugu yana gaba, ana raba ruwa da dabino da fura, wanda raƙuminsa ya gaza a ɗauke masa kaya. Ba su da katifa, amma kowannensu ya san in ya faɗi akwai mai tada shi. Wannan aminci shi ne uwar natsuwa, kuma ba a taɓa kasa shi a kasuwa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce, ashe hutu laifi ne? Ko kusa. Jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, tafiya kuma mabuɗin ilmi ce, kuma matasan da ke jan raƙuma da masu dafa abinci a waɗannan zangogi halaliyarsu suke ci. Abin lura kawai shi ne kada mutum ya nemi abu inda ba a ajiye shi ba. Kuɗi suna sayen gado mai laushi. Barci kuwa yana zuwa ne ga wanda bai kwana da haƙƙin kowa a wuyansa ba. Ya kamata kuma mai wanka da ruwan famfo a tsakiyar rairayi ya tuna cewa a bayan tudun akwai gonakin dabino da ke jiran wannan ruwa.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in ka ji ƙirjinka ya yi ƙunci, fara da abin da ke kusa. Biya bashin da ke kanka, nemi gafarar wanda ka ɓata wa, je ka gai da mahaifanka da maƙwabcinka, don zumunta a ƙafa take. Zauna a masallaci bayan asuba har rana ta fito, wayarka a gida. In kuwa tafiyar ta kama, ka nemi abokin kirki kafin ka nemi masauki, ka rage kaya, ka san abin da za ka yi da shirun idan ka same shi.

Allah ya ba mu zuciya mai wadatuwa da abokai na gari, ya sa mu dace.